Hwatalwar Ƙofar Sauri

Tun ranar da bakina ya suɓuce a wajen wani ɗaurin aure a Katsina na ce ina rubuta littafin fatalwa don matasa, kuma a Ƙofar Sauri zan kafa gidan da abin zai faru, ban sake shan ruwa da daɗi ba. Wanda bai kira ni a waya ba ya aiko da saƙo, wanda bai aiko ba ya tare ni a bakin masallaci. Har wani dattijo da rabona da shi tun ina sa gajeren wando ya sa jikansa ya rubuto mini takarda shafi biyu, wai in ji tsoron Allah. Tsoron Allah kam dukkanmu muna ji, Baba. Ɗaya tsoron, na duhu da motsin da ba a ga mai shi ba, shi ne kuka ce ba ku da shi, shi kuma na zo aunawa.

Kafin wani ya ɗaure fuska, ga takardun izinina. Ubana Bahaɗeje ne, kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Haɗejawa da Katsinawa: duk abin da na yaɓa muku sai dai ku shafa ku yi dariya. Uwata kuma 'yar Ƙofar Sauri ce, ke nan rabin unguwar taubasaina ne, sauran rabin kakannina. Ta ko'ina kuka ɓullo ina da lasisi.

Ku fara gyara bakinku tukuna. Duk wanda ya kira ni cewa yake, "Wai mi ya kai ka ga zancen hwatalwa?" Abin da ba ku iya kiran sunansa daidai ba, ta yaya kuka tabbatar babu shi? Na ma yanke shawara haka zan rubuta a bangon littafin, da h da w, don ta ji ita ma 'yar gida ce. Sunan unguwar kuwa ba ni na raɗa ba, tarar da shi na yi, kuma marubuci ba zai sami kyautar da ta fi wannan ba: gidan da ake jin motsi, a bakin ƙofar da sunanta kaɗai ya gaya maka abin da za ka yi in ka ji motsin.

Allah gafarta Malam, kai ka fi kowa zafi, bari in fara sallamarka. Ka ce wanda ya mutu ya mutu, yana barzahu, ba ya dawowa ya yi yawo a tsakar gida da likkafani. Ban ja da kai ba ko kaɗan. Haka aka karantar da ni a zaure, haka zan karantar da 'ya'yana. Amma Malam, ranar da muka raka wata gawa tare, wa ya miƙe bayan an idar da salla ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya sami iyalinsa? Kai ne. Kai ne kuma ka karanta mana hadisin da ya nuna ran mumini a rataye yake saboda bashinsa har sai an biya. To ai labarina ke nan gaba ɗaya, riga ni faɗa kawai ka yi. Mamaci ba ya dawowa, na ji. Haƙƙin da ya bari, ko wanda aka danne masa, shi dama bai je ko'ina ba. Yana nan zaune a gidan, yana cin tuwo da kowa.

Kuma tsakani da Allah, me ya sa in za ka kewaya bayan isha'i sai ka yi gyaran murya sau uku, ka sa ƙaramin almajirinka ya riƙe maka fitila? Za ka ce ai wannan don mutanen ɓoye ne, su kuwa Alƙur'ani ya tabbatar da su, har sura guda ke ɗauke da sunansu. Madalla. Ke nan rigimarmu ta suna ce. Yarinyar da ke cikin littafina ba ta kai Iziyya da Risala ba. Ta ji daka a ɗakin da aka kulle, ta ce fatalwa. Kai ka ji, ka ce aljani. Ɗan boko ya ji, ya ce gafiya. Abin da ya haɗa ku ukun shi ne babu wanda ya tashi ya je ya duba.

Shi ɗan bokon, wani taubashina ne mai digiri biyu da tabarau, ƙorafinsa daban. Wai wannan salon da ake kira gotik kayan Turawa ne, sai da tsohuwar fada ta dutse da hazo da jemagu, in na kawo shi Katsina kamar an sa wa raƙumi takalmin ƙwallo ne. To zo mu bi tarihin da kake taƙama da shi. Littafin da ake cewa shi ya buɗe wannan ƙofa sunansa The Castle of Otranto, wani ɗan majalisar Ingila, Horace Walpole, ya fitar da shi a 1764. Me ke ciki? Basarake ne zaune a kan gadon da ba nasa ba, domin kakansa ya sa wa mai gadon na asali guba, ya kuma ƙirƙiro wasiyyar ƙarya. Ranar auren ɗansa sai ga wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe ango. Daga nan gidan bai sake zama lafiya ba har sarauta ta koma hannun mai ita. Cire kwalkwalin, me ya rage? Cin gado da wasiyyar jabu. Je ka kotun shari'a ranar Litinin ka zauna a benci har azahar, ka dawo ka gaya mini wannan kayan Turawa ne.

A Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847, marainiya ce ta je aikin koyarwa a wani babban gida, tana jin dariya da dare daga saman bene. Maigidan ya nemi aurenta, sai ranar ɗaurin aure ta ji ashe yana da mata mai taɓin hankali a kulle a ɗakin sama shekara da shekaru. A Rebecca na Daphne du Maurier, 1938, ko fatalwar ma babu. Amarya ce ta tare a gidan da uwargida ta rasu, ta tarar da komai na marigayiya yana inda ta bar shi, tsohuwar mai kula da gidan kuma kullum tana auna ta da ita. Kishi da wadda ke kabari. Na ba wata gwaggona labarin nan a taƙaice, ita da ba ta jin Turanci ko na sayen magani, ta ce, "Wannan ai gidan su wance ne." Ta kama suna. Ni ba zan kama ba.

Batun dutse da hazo kuwa, ka taɓa tsayawa a gindin Gobarau da asubar hunturu, ƙura ta rufe gari, ba ka ganin mai tahowa sai dai ka ji tarinsa? Hasumiyar ƙasa ce mai tsawon kusan ƙafa 50, ana danganta gininta da zamanin Muhammadu Korau. Shi kansa Korau ta yaya ya shiga gidan da har yau ake kira da sunansa? Ruwayar da ku da kanku kuke bayarwa ta ce ɗan kokawa ne daga 'Yandoto, Sanau kuma sarki ne da ba a kayarwa saboda wani asiri da ke jikinsa. Matar Sanau ta fitar da asirin, aka kama kokawa a gindin tsamiya, sarki ya sha ƙasa, aka yanka shi. Takobin, Gajere, yana cikin kayan sarautarku. Sirri ya fita ta ɗakin kwana, jini ya zuba a gindin tsamiya, sabuwar zuriya ta hau gado. Garin da ke ba yaransa wannan a matsayin tarihi ne zai ce mini labarin sirrin gida baƙo ne?

Gidan ma ba sai na ƙirƙira ba, duk wanda ya tashi cikin birni ya san irinsa. Zaure, sai wani zauren, sai shigifa, sai ka karya kwana sau uku kafin ka ga tsakar gida. An gina shi ne musamman don kada ido ya wuce inda aka ba shi izini. Katanga mai kaurin da in an yi ihu a ciki maƙwabci ba zai ji ba. Sassa bakwai, huɗu da mutane, uku masu su sun rasu, magada sun watse Kaduna da Abuja da Legas, ba a raba gado ba, ba a kuma yarda kowa ya taɓa ba. Rijiyar da aka rufe da kwano aka ɗora dutse. Azara tana ƙara in sanyin dare ya sauka bayan zafin rana, gara tana ci daga ciki, indararo yana zuba da damina kamar ana magana ƙasa-ƙasa. Su Turawa sai sun zauna sun zana taswirar gidan tsoro. Mu a ciki aka yanke mana cibi.

A gidan kakata akwai ɗaki irin wannan, can ƙuryar baya kusa da turken awaki. Kwaɗo ne a jiki, mabuɗin yana ƙulle a haɓar zanenta, ba ta kwance shi ko wanka za ta. Mu jikoki masu zuwa hutu kowa da rabonsa: wasu sun ji tari a ciki, wasu sun ga haske, ni na ji kamar ana jan tasa a ƙasa. Shi wannan taubashi mai tabarau, da yau yake mini lacca a kan kimiyya, shi ya fi kowa gani. Wani dare ya farka ya kasa motsi, ya kasa ihu, ya ce wata mata ce ta zauna masa a ƙirji. Da safe aka shanya tabarmarsa a kan katanga, kuma ba ruwan sama aka yi ba. Yanzu ya iya bayani: dannau ne, in mutum yana mafarki jiki yakan kashe gaɓoɓi don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani, wani lokaci kuma hankali ya riga jiki farkawa. Gaskiya ne, haka likitoci suka ce. Sai dai bayanin ya makara da shekara talatin, tabarma ta riga ta bushe.

Da kakata ta rasu aka buɗe ɗakin don rabon gado. Ba kowa sai jaɓa da ƙura. Amma akwai jere: kwalla da tasoshi da fanteka a kan juna har kusa da rufi, gadon ƙarfe mai rumfa, adaka cike da zannuwan da ba a taɓa ɗaurawa ba. Kayan ɗakin amarya cif, na auren da ba a yi ba. Na wa? Manya suka dubi juna. A ranar, ina da gemuna, na fara jin cewa uwata tana da yaya mace. Abin da ya same ta ba na mujalla ba ne, ba kuma shi zan sa a littafi ba, Gwaggo, kwantar da hankalinki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara arba'in tsohuwar nan tana kwana da mabuɗi a zane, duk manyan gida sun san dalili, aka bar yara suna ƙirƙirar mace mai tari. Yaran kuwa ba su yi ƙarya ba. Sun ji akwai wata a ɗakin, kuma akwai ta.

Ke Gwaggo, da kika ce tsoron bai dame ki ba, tonon silili kike gudu, kin fi su Malam gaskiya, domin ke kaɗai kika gane inda na dosa. Maroƙa sun daɗe suna yi wa Katsinawa kirari da kunya suna kore musu tsoro, ku kuma kuna miƙa kuɗi. Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. To ni ban ce zan kai kowa daji ba. Kunyar nan taku da ake yabo, wadda ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana mutum cin abinci gaban surukinsa, kyakkyawa ce, ni ma ina sonta. Amma tana da ɗakin baya. Can aka ajiye yaron da ya girma yana ce wa uwarsa Yaya, saboda an ba da shi riƙo ba a taɓa gaya masa ba. Can aka ajiye kawun da aka ce ya tafi Kurmi neman kuɗi, alhali kowa ya san inda aka kai shi da mari a ƙafa. Da maganar tsohuwar da ta shayar da yara biyu a shekarar da uwar ɗaya ta kwanta ciwo, ta yi shiru har aka sa musu ranar aure. Da asalin kakar kaka, wadda ba da sadaki ta shigo gidan ba. Sai a 1936, zamanin Sarki Dikko, doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Wannan ba zamanin Annabi Nuhu ba ne, akwai masu rai yau da kakanninsu suka ga abin da idonsu. Wane gida ne a birni zai rantse ɗakinsa na baya fanko ne?

In na faɗi haka sai wasu su fara muzurai. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Ni ban san sirrin gidan kowa ba. Amma tun da na yi maganar nan, mutum uku daga gidaje uku daban-daban sun ja ni gefe sun tambaye ni wa ya gaya mini. Ko babi na biyu ban gama ba.

Ga ɗan abin da ke ciki, don masu cewa in faɗa musu su huta. Yarinya ce 'yar shekara 16, ta gama jarrabawa, aka turo ta daga Kaduna ta taya kakarta zama. Kowa Ummi yake ce mata, ita ma ta san dalili: in aka sa wa yarinya sunan wata babba a gida ba a kiransa gatsau, sai a sakaya. Wata rana tana yi wa kakar tsifa sai lissafi ya zo mata. Sunanta na yanka ba na wannan kakar ba ne, ba na ta wajen uwa ba ne, ba kuma na wata gwaggo da ta sani ba. To sunan wa ake sakayawa? Ta tambaya, tsohuwa ta ce a miƙo mata goro. Daren nan ta fara jin daka. Luguden mutum biyu ne, amma taɓarya ɗaya ke sauka, ɗayar sai gurbinta, kamar ana jiran wadda za ta karɓa. Kullum da magariba kuma tsohuwa takan zuba tuwo a ƙaramin akushi ta ce na almajiri ne. Almajirin bai taɓa sallama ba, akushin kuwa da safe a wanke yake.

Nan zan tsaya. Wanda ya ji tsigar jikinsa ta ɗan tashi kada ya damu, sanyin fanka ne. Na san ku.

Wani malamin makaranta ya ce me ya sa matasa, in rubuta musu abin da zai amfane su mana, tarihin jarumai ko nasiha. Ranka ya daɗe, an rubuta, suna nan a kabad ɗin ofishinka gara na karatunsu. Ɗan shekara 15 zuwa 19 ya fi kowa zama cikin gidan fatalwa, ko da a sabon gini yake a GRA. Ya isa ya lura an yi shiru da ya shigo, bai isa a gaya masa dalili ba. Ya fara gane cewa manya sun yi wata rayuwa kafin a haife shi, kuma ba duka aka ba shi labari ba. Helen Oyeyemi, haifaffiyar Najeriya da ta tashi a Landan, tana 'yar sakandare ta rubuta The Icarus Girl, aka buga a 2005. Yarinya ce ta zo gidan kakanta a Ibadan, ta yi ƙawa da wata da ba kowa ke ganinta ba, a bakin ƙawar ta ji ashe ita 'yan biyu ce, 'yar'uwar ta rasu tun haihuwa, iyaye suka binne maganar tare da ita. Mary Shelley ma ba ta kai shekara 20 ba ta fara Frankenstein. Masu waɗannan shekarun ba su taɓa jiran izininmu ba.

Kada kuma wanda ya ce mini yaran yanzu ba sa karatu. Karɓi wayar 'yarka, in ta yarda, ka ga littattafan Hausa nawa ke yawo a WhatsApp babi-babi, wasu sai an biya kafin a tura ci gaba. Masu ƙyuyar karantawa suna saurare a YouTube suna wanke-wanke. Abin da ya yi ƙaranci a kasuwar shi ne tsoro mai hankali. Marubutan Kano irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej sun taɓa ba mu labaran da suka hana mu fita fitsari, Allah ya saka musu. Amma yawancin abin da ake sayar mana da sunan ban tsoro, a takarda da fim, aljani ne mai jan ido da ƙatuwar dariya, sai boka a kogo da jan ƙyalle, sai malam ya zo a minti na ƙarshe ya yi ruƙiyya kowa ya watse. Wannan ko akuya ba ya firgitawa. Aljanin da ya faɗo daga sama ba ruwansa da kowa. Wanda ya san sunan kakarka shi ne abin gudu.

Ku Katsinawa ma bai kamata a ji wannan ƙorafi a bakinku ba. A 1933, da Rupert East ya zagaya yana neman masu rubuta ƙagaggen labari da Hausar boko, malamai da yawa sun ga abin kamar shirme ne da bai dace da mai ilimi ba. A Katsina aka sami wani matashin malamin Midil, Abubakar Imam, ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja, da aljannunsa da komai, wansa Malam Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki. A cikin littattafan wannan zubi akwai Jiki Magayi na John Tafida da shi East, wanda in ka cire masa riga ɗan gidan su Walpole ne: an ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, ya shiga duniya neman asirin ramuwa, abin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, har yaron ya kashe ubansa bai sani ba. An karanta shi a makarantu shekara da shekaru. Ko akwai kakan wani a cikinku da ya aika wa East takarda shafi biyu?

Akwai saƙo ɗaya da ban yi dariya ba da na karanta. Wata uwa ce daga wajen Batsari. Ta ce, mu da muke kwana da takalmi a ƙafa saboda masu zuwa a kan babura, wace fatalwa za ka tsorata 'ya'yanmu da ita? Hajiya, ba ni da wasa da ke. Jihar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana a Ƙanƙara cikin dare guda a Disambar 2020 ba ta bukatar a koya mata tsoro. Abin da zan iya cewa kawai, tsoron littafi yana da bango, yaro zai iya rufewa ya tura ƙarƙashin matashi, kuma a ƙarshensa akan san dalilin abin da ya faru. Wanda kike ciki ba shi da bango, ba shi da dalili. Kakanninmu da suka yi zamanin hari da yunwa ba su daina ba yara labarin Dodo da dare ba. Kuma shekara ashirin nan gaba, gidaje nawa ne za su sami sabon ɗakin baya saboda wannan zamani? Wadda aka sako ba a sake tambayarta komai ba, jaririn da aka dawo da shi a goye, gonar marayu da aka sayar a ɓoye don kuɗin fansa. Yaran da za su tashi a waɗannan gidaje za su ji dakan. Gara a ce sun taɓa karanta labarin wadda ta ji, ta kuma yi tambaya.

To mu koma kan masu ƙoshin lafiya. Malam, don kada ka hau mumbari da ni ranar Juma'a, a littafin ba mamacin da zai tashi. Akwai ma malami a ciki, kuma ba irin na fim ba mai zuwa da carbi ya ƙona aljani. Nawa malamin, in an kira shi ruƙiyya, zai zauna a zaure ya sha fura, ya saurara, sannan ya ce a ɗauko masa takarda da alƙalami a lissafo masa magada tun daga kan kakan kaka, kada a tsallake kowa. A nan za a ga gumi. Ilimin fara'ili ya fi hayaƙin kowane turare korar abin da ke damun tsofaffin gidajen birni, kai ma ka sani, tunda kai ake kira in abin ya ƙi. Ko dakan zai tsaya bayan an raba? Sai ka saya, Malam. Ba zan ba ka kyauta ba, kai da ka ce ɓata lokaci ne.

Kai kuma mai tabarau, na bar maka gafiyarka. Duk motsin da ke cikin littafin na ajiye masa bayani na hankali a gefe: azara ce, iska ce, jaɓa ce, maƙwabciya ce mai dakan sahur. Sai guda ɗaya. Shi ba zan gaya maka ba, na dai san a wannan shafin za ka tashi ka duba ko ka sa sakata.

Baba mai takarda shafi biyu, na gode da nasiha. Na kuma lura cewa a ƙasan shafi na biyu, bayan ka gama jan kunnena, ka tambaya ko gidan da nake nufi shi ne mai tsamiya a ƙofa. Ba shi ba ne, Baba. Amma yanzu ina son jin labarin mai tsamiyar.

Sauran jarumai kuwa, ɗakin nan na gidan kakata a rabon uwata ya faɗo. An kwashe jeren, ba a rushe shi ba, mabuɗin yana hannuna. Asabar ɗin ƙarshen wata zan sauka Katsina, a ciki zan kwana don in ji yadda azara ke kuka in rubuta daidai. Akwai wurin mutum uku. Duk Bakatsinen da ya ce kunya kaɗai gare shi, ya same ni a Ƙofar Sauri bayan isha'i da tabarmarsa, ban da fitila, ban da waya. Taubashi, kai ka zo da tabarma biyu.